Bindigar farauta a cikin mota: a jaka ko a fili?

Baban Hafsat (Brooklyn Park):
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga mu shiga farautar barewa a nan jihar Minnesota ta Amurka. Bana na gama kwas ɗin riƙon bindiga, na yanki lasisi, kuma abokan aikina sun gayyace ni arewacin jiha idan an buɗe farauta a Nuwamba. Ɗayansu ya ce kada in ɓata kuɗi a kan jakar bindiga, wai Minnesota ta daɗe da sassauta doka, in dai ka cire harsashi sai ka shimfiɗa ta a kujerar baya ka kama hanya. Hankalina bai kwanta da maganar ba. Wa ya san gaskiyarta?

Ɗan Gwarzo (Eau Claire):
Wa alaikumus salam. Abokin naka ya faɗi rabi ya bar rabi. Gaskiya ne a 2009 Minnesota ta yarda a ɗauki doguwar bindiga a mota ba tare da jaka ba, matuƙar babu harsashi a cikinta, kuma kana wurin farauta, ko kana hanyar zuwa inda za ka yi farauta a ranar, ko kana dawowa. Amma sassaucin bai shafi gundumomi uku ba: Hennepin, Ramsey da Anoka. Bai shafi cikin duk garin da mutanensa suka kai 2,500 ba. Bai shafi harabar makaranta ba, kuma ƙaramar bindiga ba ta ciki sam, nata hukuncin daban ne.

To kai Brooklyn Park kake, cikin Hennepin. Daga ƙofar gidanka ka riga ka fita daga sassaucin. Ka hau hanyar arewa za ka ratsa Anoka, ka ratsa garuruwa irin su St. Cloud. Saboda haka ka sayi jakar, ba makawa.

Amma tunda an taɓo maganar, ni a ganina dokarku ce ke da ruɗani. Mutum yana tuƙi, wa zai tsaya ƙirga mutanen kowane gari kafin ya shiga? Mu nan Wisconsin an yanke magana ɗaya a 2011. Gwamna Scott Walker ya sa hannu, ta fara aiki ranar 19 ga Nuwamba, daidai ranar da aka buɗe farautar kwana tara ta shekarar. Cire harsashi, shi ke nan, jaka kuma ganin damarka.

Kawu Maharbi (Duluth):
Ɗan Gwarzo, bayaninka na doka daidai ne. Amma yabon da ka yi wa ta Wisconsin ban bi ka ba. Ni da za a tambaye ni, da an bar tsohuwar dokar a jihohin biyu.

Ɗan Gwarzo (Eau Claire):
Kawu, ranka ya daɗe, bari in faɗi dalilina sai ka gyara min. Yadda muke farauta a nan kora ce. Wasu su tsaya a bakin daji, wasu su shiga su koro barewa, in an gama da wannan kurmin a hau a-kori-kura a matsa gaba, wani lokacin tafiyar ba ta kai mil ɗaya ba. A tsohuwar doka kowane hawa sai kowa ya zura bindigarsa a jaka ya ja zif har ƙarshe, domin ma'anar jaka a dokar ita ce wadda aka yi don bindiga, an rufe ta ruf, ba wani sashe da ya leƙo. Zif ya tsaya a rabi, ka karya doka. Ka ɗora bindigar da ba komai a cikinta a kan murfin bayan mota don ka ɗaure igiyar takalmi, ka karya doka. Mutumin da bai yi niyyar cutar da kowa ba sai ya koma gida da takardar tara.

Na biyu, bindigar da dusar ƙanƙara ta jiƙa, ka kulle ta a jaka mai soso, ka shiga mota mai ɗumi, kafin dare ta fara tsatsa.

Na uku shi ne babba a wurina. Jaka ba ta cire harsashi. Bindigar da ke cikin jaka ba ka san halin da take ciki ba, ta yiwu mai ita ya manta da ɗaya a ciki. Wadda take a fili, an buɗe cikinta, kowa a motar yana gani da idonsa cewa wayam take. Ni na fi samun natsuwa in zauna kusa da wadda nake gani.

Kawu Maharbi (Duluth):
Na ji ka, kuma na ukun nan naka magana ce. Amma kai kana kallon jaka a matsayin kariya daga haɗari, ni kuwa ba wannan ne amfaninta na farko ba a wurina. Amfaninta lokaci ne.

Ka ɗauka kana tafe a hanyar ƙauye da yamma, kwana biyu ba ka ga komai ba, sai ga namijin barewa mai manyan ƙahoni tsaye a gonar wani, kusa da titi. In bindigarka tana gefenka a fili, harsashi yana aljihu, tsakanin ganinsa da harbi numfashi kaɗan ne. In tana jaka a bayan mota, sai ka tsaya, ka fita, ka zagaya, ka buɗe but, ka ja zif. Kafin ka gama, ko dai dabbar ta tafi, ko hankalinka ya dawo jikinka ka tuna gonar ba taka ba ce, ba ka nemi izini ba, kuma ba ka san abin da ke bayan dabbar ba, ko gida ne ko garken shanu. Wannan jinkirin shi ne dokar.

Mahaifina maharbi ne, Allah ya jiƙansa, kuma adaka yake riƙewa. Wanda ya san harbi-ka-ruga ya san ɗurinta kaɗai aiki ne: ka zuba albarushi, ka danna, ka sa dalma, ka sake dannawa. Bindigar da kanta take koya maka haƙuri. Ta yanzu ba ta koyar da komai, sai dai a ƙirƙiro mata jinkiri daga waje.

Kuma ku tuna yawancin wuraren farauta masu kyau a kudancin jihohin nan gonakin mutane ne. Manomi ɗaya ya ga mota ta tsaya a bakin gonarsa an harba an wuce, gobe ya kafa allon hana shiga, ya rufe wa kowa, har da mu da muke zuwa mu ƙwanƙwasa ƙofa mu gaisa mu nemi izini.

Ɗan Gwarzo (Eau Claire):
Kawu, ai abin da ka kwatanta laifi ne da kansa, da jaka ko ba jaka. A Wisconsin haramun ne ka ɗura doguwar bindiga a cikin mota, haramun ne ka harba daga cikin mota, haramun ne ka harba daga kan titi ko ƙasa da ƙafa 50 daga tsakiyarsa. A Minnesota ma ba a harbin barewa daga kan hanya ko a tsallaka ta da harsashi, kuma ba a harbi ƙasa da ƙafa 500 daga gidan da mutane ko dabbobi ke ciki sai da izini. Wanda ya shirya taka waɗannan duka, zif ne zai hana shi? Ɓarawon dawa, wato mai farauta ba bisa doka ba, yana tafe da bindigarsa a ɗure tun zamanin tsohuwar dokar. Mu masu bin doka ne kawai muke shan wahalar.

Ka dubi South Dakota. Can an yarda ma a yi farautar tsuntsun nan mai doguwar jela, ɗan'uwan fakara, a gefen hanya. Sharaɗin shi ne ka tsayar da mota ka fito, kuma ka nisanci gida da dabbobi da makaranta da ƙafa 660. Mutane suna zuwa daga ko'ina, jihar tana cin moriyar abin.

Kawu Maharbi (Duluth):
Ba don ɓarawon dawa aka yi ta ba, ɗana. Shi ya riga ya yanke shawararsa tun daga gida. Don ni da kai aka yi ta, mutanen kirki da zuciya kan iya ɗeba na ɗan lokaci. Barewa mai ƙaho tana sa hannun babban mutum ya yi rawa, duk wanda ya taɓa ganinta daf da shi ya san haka.

Sannan ka duba ta ɓangaren jami'in gandun daji. Shi kaɗai ne a daji, wani lokacin gunduma guda a hannunsa. A da in ya tsayar da motar da ke tafiya a hankali a hanyar daji ya ga bindiga a fili a kujerar gaba, hujja ta samu. Yanzu sai ya kama ka da harsashi a ciki, alhali zare gidan harsashi a jefa ƙarƙashin kujera ba ya ɗaukar lokacin da zai fito daga motarsa ya iso taka. Batun South Dakota kuwa, tsuntsu ake harbi da ƙananan dalma da ba sa nisa. Harsashin barewa yana wuce mil.

Ɗan Damagaram (Fargo):
Salamu alaikum. Ni ba na farauta amma ina bayan Kawu, saboda abin da muka gani a ƙasarmu. Kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna farautar mariri a kan raƙumi da doki da karnuka, bai ƙare ba. Da mota mai shiga rairayi ta haɗu da bindigar zamani, cikin shekaru kaɗan aka share shi, ga fari kuma ya ƙara. A shekarar 2000 aka ayyana cewa babu sauransa a daji a duniya. Sai a 2016 aka fara dawo da shi Chadi daga waɗanda aka kiwata a Abu Dhabi. Duk abin da zai sa tazara tsakanin sitiyari da kunamar bindiga ina goyon bayansa.

Ɗan Gwarzo (Eau Claire):
Allah sarki, wannan asara ce babba. Amma ɗan'uwa, can babu mai ƙirga abin da aka kashe. Nan kowace barewa sai ka yi mata rajista da hukumar DNR mai kula da dazuzzuka da namun daji na jiha, kuma matsalarsu a wurare da dama yawan barewar ne, har motoci suke bugewa a kan titi. Ba ɗaya ba ne.

Maman Amir (St. Paul):
Ku yi haƙuri in shigo maganar maza. Tun ɗazu ina karantawa, kuna ta batun barewa da manomi da jami'in daji, ba wanda ya ambaci abin da ya hana ni barci ranar da maigidana ya fara zancen farauta.

Ranar 6 ga Yuli 2016, a Falcon Heights, nan kusa da mu, ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile. Yana da lasisin riƙe bindiga. Da bakinsa ya gaya wa ɗan sandan cewa akwai bindiga tare da shi. Cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi, budurwarsa tana gefensa, 'yarta mai shekara 4 tana kujerar baya. A 2017 kotu ta wanke ɗan sandan.

Yaya Ɗan Gwarzo, abokan aikin Baban Hafsat da suka ce ya shimfiɗa bindiga a kujerar baya, ina kyautata zaton da zuciya ɗaya suka faɗa. Amma su in an tsayar da su, ɗan sanda maharbi yake gani, irin babansa ko kawunsa. Kai in an tsayar da kai da asuba, baƙin mutum, ga gemu, ga harshenka ya nuna baƙo ne, ga bindiga a kwance inda hannunka zai kai, me yake gani? Doka tana iya ba ka gaskiya a kotu. Ni so nake mazajenmu su dawo gida su ci tuwon dare da 'ya'yansu.

Baban Hafsat (Brooklyn Park):
Hajiya, wallahi abin da ke raina ke nan na kasa faɗa.

Ɗan Gwarzo (Eau Claire):
Hajiya, ba na musun ko ɗaya cikin abin da kika faɗa, Allah ya kiyaye mu. Amma a yi adalci ga maganar. Bindigar Castile ƙarama ce, a aljihunsa take, ba ta farauta ba ce, kuma ba a fili take ba. Jaka ba ta shigo cikin lamarinsa ba. Abin da ya kashe shi tsoron da ke zuciyar mai kaki ne, kuma wannan tsoron ba zif ne maganinsa ba.

Abin da nake gudu shi ne mu mayar da kanmu mutanen da kullum suke bin wata doka ta daban, mai tsauri fiye da ta kowa, saboda launin fatarmu. Ina biyan haraji, ina yankar lasisi, kuɗin lasisin nan da shi ake kula da dajin. Yau mu ce mu ba za mu ɗauki bindiga a fili ba ko da doka ta yarda, gobe mu ce mu ba za mu shiga dajin ba gaba ɗaya. Mutanen ƙauyen da nake farauta sun saba da ni ne saboda ina zuwa kamar kowa, sanye da rigar ruwan lemo kamar kowa, ba ina raɓe-raɓe ba.

Maman Amir (St. Paul):
Yaya, ban ce kada ka shiga daji ba. A cikin dajin, tsakanin kurmi da kurmi, tare da mutanen da suka san ka, wannan kai ka san shi. Ni babbar hanya nake magana, inda wanda zai tsayar da kai bai taɓa ganinka ba. Kuma gaskiyarka, bindigar Castile ba a fili take ba, ambatonta kawai ya yi. To in ambato ya isa haka, ina ga gani da ido? In tana kulle a but, kana iya ɗora hannuwanka biyu a kan sitiyari ka ce akwai bindigar farauta a baya, a jaka, babu harsashi, ga lasisina. Ka ba shi dalilin da zai sauke numfashi. Ni wannan ban ɗauke shi ƙasƙanci ba.

Malam Ustaz (Minneapolis):
Bismillah. Ina so in ƙara abu ɗaya daga ɓangaren addini, domin maganar ba sabuwa ba ce a wurinmu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu, don kada ya ji wa wani rauni. Kuma an ruwaito hani a kan miƙa wa mutum takobi a zare. Ga kuma hanin nuna ɗan'uwanka da makami, ko da wasa ne.

Ku lura, ba a hana ɗaukar makamin ba. Farauta halal ce, da ambaton sunan Allah lokacin harbi. Abin da aka nema shi ne idan ka shigo cikin jama'a ka rufe kaifinsa. Saboda haka a fahimtata rabon da dokar Minnesota ta yi, daji daban gari daban, yana da ma'ana ko da lissafin 2,500 ɗin yana da wuyar bi. Gidan mai da kake tsayawa, da wurin sayen shayi a hanya, su ne kasuwar yau. Akwai yara, akwai mata, akwai wanda bai taɓa ganin bindiga kusa ba.

Ɗan Gwarzo (Eau Claire):
Allah ya saka da alheri Malam. Wannan na karɓa. Sai dai tsinin bindiga harsashinta ne, kuma kowa a nan ya yarda a cire shi.

Malam Ustaz (Minneapolis):
Haka ne, ta fuskar rauni. Amma akwai tsoratarwa, ita ma an hana. Wanda ya leƙa motarka a gidan mai bai san ka cire ba.

Baban Sadiq (Kano):
Jama'a ina gaisuwa daga gida. Na daɗe da dawowa amma ban fita daga zauren nan ba. Ina karanta ku ina tuna mutanen Uromi. Ƙarshen Maris 2025, ana saura kwanaki kaɗan sallah ƙarama, mafarauta 'yan jihar Kano sun taso daga Ribas za su gida, 'yan banga suka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo, suka ga bindigogin adaka, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane. Mutum 16 aka kashe, aka ƙona. Da dama daga cikinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo har Kano ta'aziyya, 'yan sanda suka ce sun kama mutum 14, amma marayun suna nan.

Ku can kuna gardama a kan zif, domin kuna da takarda da ta fayyace yadda za a ɗauki bindiga a mota. Mu nan dokar makamai ta 1959 ce har yau muke kai. Ta ce wace bindiga ce sai da izinin shugaban ƙasa, wace ce sai na Sufeto Janar, adaka kuma kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke ba da lasisinta. Amma maharbin da zai ratsa jihohi shida ko bakwai daga kudu zuwa arewa, kowace da 'yan bangarta, ba abin da zai nuna da kowa ya sani ya yarda da shi. Ya bar ta a fili a ce ɗan fashi ne. Ya naɗe ta a buhu a ce ga shi nan ya ɓoye makami.

Kawu Maharbi (Duluth):
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu. Kada wani ya fahimci cewa da sun sa a jaka da sun tsira. Zalunci aka yi musu, kuma ko da laifi ake zarginsu da shi, ofishin 'yan sanda ne wurinsa.

Amma Baban Sadiq ya taɓo abin da nake ta kewayawa. Jaka a nan tana da daraja ne saboda kowa ya san ma'anarta. Ɗan sanda ya sani, manomi ya sani, mai gidan mai ya sani: mai wannan maharbi ne, yana kan hanya, ba yanzu zai yi amfani da ita ba. An yi shekaru masu yawa kafin mutane su haɗu a kan wannan fahimtar. Shi ya sa nake jin ciwon a warware ta saboda tsatsa da wahalar jan zif. A gida irin wannan alamar ce babu, kuma da ƙungiyoyin mafarauta da sarakunan baka za su zauna da 'yan sanda a fitar da tsari ɗaya, katin shaida da takardar tafiya da yadda za a ɗaure makami a mota, a sanar da shi har kudu, da an rage wani abu.

Baban Sadiq (Kano):
Amin Kawu. Ana ta kiran hakan tun lokacin.

Ɗalibi (Madison):
Salam iyayena da yayyena. Ni da bizar karatu nake. Abokina ɗan nan ya ce in raka shi, ba zan harba ba, zan dai taya shi ɗaukar kaya. In bindigarsa tana kujerar baya kusa da ni, akwai matsala?

Ɗan Gwarzo (Eau Claire):
Ƙanena, tsaya. Naka ya fi na kowa nauyi. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da biza irin taku mallaka ko riƙe bindiga da harsashi, sai in ya faɗa cikin 'yan keɓantattun dalilai, kuma wanda aka fi sani shi ne ya kasance yana da lasisin farauta mai aiki da wata jiha ta ba shi. Mai katin zama na dindindin wannan hanin bai hau kansa ba. Kai kuwa ko miƙo maka aka yi ka riƙe kafin ya tsallaka shinge, ka shiga haɗari, kuma abin da zai taɓa shi ne zamanka a ƙasar. Ko dai ka yi kwas ka yanki lasisi, domin a Wisconsin duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1973 sai da shaidar kwas ɗin, ko da yake akwai tsarin rakiya da suke yi wa sabon shiga, ko kuma kada hannunka ya taɓa ta. Ka tambayi lauyan shige da fice kafin ka je. A motar kuma ka ce ya kulle ta a but. A nan kam ina tare da Kawu.

Maman Amir (St. Paul):
To Yaya, ga shi ka zo wurinmu.

Ɗan Gwarzo (Eau Claire):
A'a Hajiya, ban zo ba. Bambancina da Kawu yana nan. Ni ma a babbar hanya tawa a jaka take, a baya. Dole ma, domin dokar tarayya ta 1990 ta ce in za ka ratsa ƙasa da ƙafa 1,000 daga makaranta sai bindiga ta kasance babu harsashi kuma a kulle, kuma ba ƙauyen da za ka ratsa babu makaranta a bakin hanya. Ka tsallaka Illinois, jaka dole ce. Michigan sai ta kasance a jaka, ko a but, ko an kwance ta, ko inda hannu ba zai kai ba daga cikin mota. Ka je Ontario ta Kanada, da an yi rabin awa da faɗuwar rana sai ka rufe ta in kana dawa. Duk na san wannan kuma ina bi.

Abin da na ƙi shi ne a mayar da shi laifin da za a ci mutum tara a tsakiyar daji, tsakanin gona da gona, inda ba kowa sai mu da bishiyoyi. Shawara daban, hukunci daban. Ku ba ni shawara in karɓa. Amma kada a aiko min jami'i saboda zif.

Kawu Maharbi (Duluth):
Ni kuma a tsakanin gona da gonar nan ne na fi son ta, domin a nan barewar take fitowa. A babbar hanya ba wanda zuciya za ta ɗeba ya yi harbi. Shawara tana aiki a kan wanda ya natsu, ni kuwa wanda bai natsu ba nake ji wa, kuma kowannenmu yakan zama shi wata rana. Mun rabu a nan, ba komai.

Baban Hafsat, ka sayi mai tauri wadda ake sa wa kwaɗo, ba mai laushi ba, tunda akwai yara a gidan. Harsashi a wani akwatin daban. Da ka dawo ka fitar da ita ka goge ka shafa mai ka bar ta ta sha iska, maganin tsatsar ke nan. Kuma in dare ya yi kada ka yarda wani a motarku ya haska gona da fitila don ganin barewa alhali akwai bindiga a motar, laifi ne a jihohin biyu, kuma duk wanda ke ciki zai iya shiga. Littafin dokokin DNR kyauta ne a duk inda ake sayar da lasisi, ka ɗauki na bana ka karanta da kanka, don sukan canza abubuwa.

Baban Hafsat (Brooklyn Park):
Na gode Kawu. Saura ɗaya: ɗaya daga cikinsu da bindigar ɗuri ta baki yake farauta, irin ta da. Ita yaya ake cire mata harsashi kowane hawa mota?

Kawu Maharbi (Duluth):
Ba sai ya zazzage ta ba. A dokar jihohin biyu, in mai hula ce, wato ɗan murfin da ke tayar wa albarushi wuta, ya cire hular, in mai ƙanƙara ce ya share garin albarushin da ke ɗan kaskon, to a wurin hukuma babu ɗuri ke nan. Amma albarushi da dalma suna nan a cikin bututun, saboda haka ka duba inda bakinta yake kallo kafin ka zauna, kuma kada ka ji kunyar ce masa ya juya ta.